Shirun Baba Tela

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama, da fatan ƙafarta ta daina hana ta sakat da safe. Baba ma ka miƙa masa gaisuwata, in ka ga fuskar karɓa. Ni lafiyata ƙalau, in ka cire sauro da kewar gida.

Direban da ke kawo wa asibitin nan kaya ta layinmu yake wucewa, ya ce zai riƙa ajiye maka wasiƙata a shago ya karɓo amsa. Waya ɗaya ce tal a nan, a ofis, kuma tun da damina ta kankama ta kurumce. Don haka ka nemi biro, kar ka ce mini hannunka almakashi kaɗai ya sani.

Ɗakin gwajin da nake koyon aiki bai kai shagonmu faɗi ba, amma ko ƙuda ba ya shiga sai ya wanke hannu. Shugabarmu muna kiranta Uwar Sabulu, a bayan idonta. Rannan ta sa kowannenmu ya goga auduga a cikin bakinsa, ya shafa a wani ɗan faranti, muka rufe muka ajiye a wuri mai ɗumi. Yaya, da ka ga abin da ya tsiro daga bakin ƙanwarka mai goge haƙori safe da yamma, da ka daina cin abinci kwano ɗaya da ni. Na sa musu rini na duba a madubin ƙara girma, sai ga su a jere kamar maɓallai a zare. Uwar Sabulu ta ce waɗannan ƙwayoyin, bakteriya, suna bakin kowa, kuma ba ruwansu da mutum muddin suna inda suke. Sai sun sami ƙofa, kamar ruɓaɓɓen haƙori ko rauni, sun gangara cikin tsoka, sannan suke nuna halinsu.

Yanzu ga abin da ke cina. Da na kwance jaka, a can ƙasa na tarar da farar rigar aiki, an goge an ninke. Ɗinkin Baba ne, ko ido rufe na san shi. Kafaɗa daidai, tsawo daidai, amma hannuwan sun zarce har sun rufe mini bayan hannu. Mutumin da yake kallonka sau ɗaya ya yanka yadi, yaushe ya fara kuskuren awo? Ni na san abin da yake nufi: aikin ya fi ƙarfina, rigar ma ta fi ni. Ka tuna abin da ya ce da na kawo takardar ɗaukata, wai wa yake barin ɗinki ya tafi kiwon cuta. Ranar tafiya kuma na durƙusa ina sallama, bakinsa cike da fil, ko ɗagowa bai yi ba.

Naɗe hannuwan nake yi ina aikina. Ka rubuto mini labarin kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, Mama ta sa na maimaita mata, ta ce ki riƙa rufe ƙafa saboda sauro. Ƙafarta da sauƙi. Ni ma lafiya, sai aiki da ya yi mana yawa, kayan 'yan makaranta sun cika shago.

Zancen hannun riga ban san komai a kai ba. Ban ma ga lokacin da ya ɗinka ta ba.

Haƙorin nan na Baba na can ciki, na ƙasa, wanda yake sakacewa da allurar hannu, ya tasa shi gaba bayan tafiyarki. Ya tauna kanumfari, ya sha ƙwayoyin mai kemis, kuncinsa ya ɗan tasa. Na ce mu je a cire, ya yi mini kallon nan da kika sani. Kin san shi da asibiti, wai can ne cututtuka suke taron dangi. To, yanzu dai ya daina riƙe kunci, ina ganin haƙorin ya gaji ya haƙura.

Mai haƙorin ne bai haƙura ba. Baba ya shiga ɗakin bayan shago. Kin dai san dokar gidanmu tun kina rarrafe: in ransa ya ɓaci, ya ja labulen nan, ya hau tsohon kekensa, ba ya magana da kowa, ba mai shiga. Mama ta ajiye abinci a bakin labule, mu kuma mu yi ta tafiya da sanɗa har ya huce ya fito don kansa. Kin tuna ran da na yanka wa mai gidan burodi wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, har muka kusa manta muryarsa. Wanda ya kuskura ya leƙa da ban-haƙuri, ƙara wa fushin kwana ya yi.

Ba na so in ɓata miki rai, amma tunda na san za ki tambaya: ranar da wasiƙarki ta zo ya fara. Na karanta masa gaisuwar, na ɗan ƙara mata gishiri, na kuma ba shi labarin abin da ya tsiro a farantinki don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya shafa gemu, ya ce wani abu ciki-ciki ban ji ba, ya tashi ya ja labule. A can yake kwana, ta ƙofar baya yake zagayawa, ko haɗuwa ba ma yi.

Kar ki sa abin a ranki. Zai fito kamar kullum, ya ce wa ya taɓa masa almakashi.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni ba zan ce lafiya ƙalau ba, don tun da na karanta wasiƙarka abinci ya daina yi mini daɗi, kuma raina a ɓace yake.

Wato har yanzu ni ce. Na bar gari, na bar masa shagonsa da ɗansa mai biyayya, amma gaisuwata ma laifi ce. Me na yi? Sata na tafi? Mun girma muna sanɗa a gidan ubanmu kamar ɓarayi. Mama ta tsufa tana ajiye kwano a bakin labule. Na gaji, Yaya, wallahi na gaji, kuma da kuka nake rubuta wannan, kar ka zaci ƙarfin hali ne.

Ga saƙo. Ka ɗaga labulen nan ka shiga, ka tsaya a gabansa, ka karanta masa yadda na rubuta, ban da gishirinka. Kuma kar ka fito sai ya amsa da bakinsa.

"Baba, Auta ce. Ban tafi don na raina sana'arka ba. Da allurarka ka ciyar da ni, da ita ka kai ni makarantar da ta kawo ni nan. Kai ka koya mini in duba abu da kyau kafin in yanka, kuma aikin da nake yi ke nan. In na yi laifi ka faɗa mini shi, in ba ka haƙuri. In zagi ne ka zage ni, zan ɗauka. Amma shirun nan ba zan iya da shi ba, daga nesa ya fi ciwo. Ka ce wani abu, Baba, ko kalma ɗaya ce."

In tsoro ya kama ka, ka ce ni na tilasta ka. Ai ba zai iya jefo mini tef ɗin awo daga can ba.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki. A tsaye nake rubutu, Direba yana waje yana ta danna hon, wai hadari ya haɗo kuma ruwa ya kusa taɓa gadar hanyarku.

Ke yanzu tsakaninki da Allah, ni zan shiga in karanta wa Baba wannan? Kina can bayan kogi kina aika ni bakin kura. Na ninke ta na sa a aljihu, sai ya huce.

Sai dai wannan fushin ya fi na wandon mai burodi. Da can ko yana fushi yana cinye abincinsa tas, yanzu kwano yadda aka ajiye haka ake ɗauka. Shayin ma da yake kurɓa da farko ya daina. Keken ya yi shiru. Ɗazu na leƙa ta gefen labule, yana zaune a kujera ya dafa teburin yanka, ya turo kai gaba, ya naɗe wuya da ƙyalle cikin zafin nan. Katifar tana jingine da bango, ina jin a zaune yake barci. Har minshari na ji yana yi da rana tsaka, kuma idonsa biyu. Mama ta ce fushin ya kai har gemunsa ya ƙara cika. Rigar wani ɗan makaranta da ya turo waje in sa maɓalli, gabanta jiƙe sharkaf kamar yaro ya yi dalala a kai, sai da na wanke. Ga wani wari a ɗakin, Mama na cewa ɓera ne ya mutu a bayan kabad, amma wa zai shiga ya duba?

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma abin ya fara damuna. Amma kin san in na shiga ba a kira ni ba, mun koma farko.

Direba zai tafi ya bar ni.

Yayanki

*

Yaya,

Ba gaisuwa yau. Ka ajiye duk abin da ke hannunka.

Baba ba fushi yake yi ba. Ba ya iya magana ne. Ka shiga yanzu, ka cire ƙyallen, ka sa hannu a ƙarƙashin gemunsa. In ka ji wurin ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ku tafi babban asibiti mai ɗakin tiyata, ba wajen mai kemis ba. In ya ƙi, ka kira maƙwabta ku ɗauke shi da kujerar. Ya yi fushin gaske daga baya, ni na yarda.

A bakin ƙofar ɗakin gwaji na karanta wasiƙarka, da na zo kan dalalar nan sai na ruga ciki da ita. Na kai wa Uwar Sabulu, ita kuma ta ja ni wajen likita. Bai ma gama karantawa ba ya ɗago ya ce, "Akwai wanda zai kai shi yau?"

Haƙorin bai haƙura ba, mutuwa ya yi, shi ya sa ya daina zafi. Ƙwayoyin da na ba ka labari sun bi saiwarsa sun gangara ƙarƙashin harshe da haɓa. A can suke tara mugunya, wurin ya kumbura, ya tura harshe sama da baya. Shi ya sa ba ya haɗiya, miyau yake zuba. Shi ya sa yake zaune ya turo kai, don in ya kwanta hanyar iska za ta toshe. Minsharin nan numfashinsa ne yake neman hanya. Warin kuma ba ɓera ba ne, a cikin ƙwayoyin akwai waɗanda ba sa son iska, a can cikin tsoka suke yaɗuwa, haka suke wari. Likita ya ce irin wannan ba ya jira, tsakanin safe da yamma yana iya rufe maƙogwaro.

Kar ku kwantar da shi. Kar ku ɗura masa ruwa ko magani. Kar Mama ta gasa wurin ko ta matsa.

Na yi ta fama da wayar ofis, ko ƙara babu. Direba ba zai koma yanzu ba, an ce ruwa ya ci gefen gada. Wani mai babur da zai zagaya ta hanyar dutse ya karɓi wannan, na haɗa shi da Allah ya sa ta a hannunka.

Wancan saƙon nawa kuwa, ka yaga shi. Mutum yana fama da ransa, ni ina ce masa ya yi magana.

Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ban san wa da wa nake gaisarwa ba.

Shiru har yanzu. Mai babur bai dawo ba, ban san ko ya iso ku ba. Na roƙi izini na tafi har bakin kogi, na tarar rabin gadar ya tafi, mutane cirko-cirko da kayansu, masu kwalekwale sun ƙi shiga ruwan. Na zauna ina kallon wancan gefen har aka ce motar komawa za ta tashi. Wannan zan ba duk wanda ya fara hayewa.

Yau aka kawo mana mugunya daga wuyan wata mata a 'yar kwalba. Da na buɗe, warin ya buge ni, sai na ji muryar Mama tana cewa ɓera ne. Na fita na yi amai. Uwar Sabulu ba ta yi faɗa ba, ta karɓi aikin ta ce in je in zauna. Da ta yi faɗan ma ya fi mini, don wannan sassaucin nata tsoro yake ba ni.

Kullum sai na sake karanta wasiƙarka ta farko. Komai yana ciki, haƙori, kunci, maganar ciki-ciki. Ni da na ba ka labarin ƙwayoyin nan da hannuna, na karanta ban ga komai ba sai kaina da hannun rigata.

Tsoro nake ji, Yaya. In mota ta tsaya a ƙofar asibiti gabana ya faɗi, in ta wuce ma ya faɗi. Ko mene ne, ka rubuto. Kar ka sa gishiri.

Auta

*

Auta,

Yana da rai. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Mama lafiya, ga ta kusa da ni a barandar asibiti, ta ce ki ci abinci.

Wasiƙarki ta hannun mai babur a nan ta same mu, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya kawo mana. Da ita muka jira, da yanzu wata maganar ake yi. Wadda kika ce in yaga, ita ta yi aiki.

Bayan Direba ya tafi, takardar nan ta hana ni sukuni a aljihu. Washegari da safe na zo sa maɓalli na soke yatsa, na ce kai, wannan wace irin rayuwa ce, ƙanwata ta fi ni zuciya. Na ɗaga labule na shiga. Ban kalle shi ba, na kafa ido a takarda na yi ta karantawa kamar ɗan makaranta. Da na kai inda kika ce ko kalma ɗaya ce, sai na ji wani sauti kamar ana jan ruwa a toshasshen famfo. Na ɗago. Auta, ƙoƙari yake ya amsa miki. Bakin ya ƙi buɗuwa sai kaɗan, harshen ya taso ya cika shi, idanunsa sun yi jawur, gumi na zuba. Ya kama hannuna ya kai ƙarƙashin gemunsa. Wurin zafi rau, ga tauri, tun daga wannan kunne har wancan. Gemun ne ya rufe mana shi.

Ban san na iya ihu haka ba. Da mai rediyo da masu jiran ɗinki muka ɗauko shi. Na so in kwantar da shi a bayan mota, ya riƙe ƙofa ya ƙi, Allah ya sa ya fi ni taurin kai. A zaune muka kai shi.

A asibiti ba su tsaya tambayar kati ba. Likitar da ta gan shi ta ce, "Tun yaushe yake haka?" Na ce, "Mun zaci fushi yake yi." Ta dube ni, ta dubi Mama, ta tura gadon. Kallon nan har yanzu yana bina. Kafin su shiga da shi wata nas ta fito da reza. Mama ta ce, "Gemun nasa? Ai ba zai yafe mana ba." Nas ta ce, "Mama, bari dai ya tashi ya yi faɗan."

Sun huda masa maƙogwaro a ƙasan kumburin sun sa bututu, ta nan yake numfashi. Sun tsaga ƙarƙashin haɓa sun fitar da mugunya, sun bar 'yan robobi tana tsiyaya, sun kuma cire haƙorin. Ana ta ba shi magani ta jijiya. Mugunyar sun kai ta ɗakin gwaji irin naku, wai a ga wane magani ƙwayoyin suke ji. Da sakamakon ya fito suka canza ɗaya daga cikin alluran, daga nan zazzaɓin ya fara sauka. Na ce wa Mama, "Aikin Auta ke nan fa." Da ƙarfi na faɗa, don na kan gado ya ji.

Kin ce kar in sa gishiri, to har yanzu da sauran tsoro. Likita ta ce abin da suke gudu shi ne kar ya gangara ƙirji, kullum sai sun danna ƙasan wuyansa sun saurara. Ni kuwa aikina kallon bututun nan, in ya yi wata ƙara in ruga kiran nas.

Da ya farfaɗo sosai na kawo masa allin yanka da guntun baƙin yadi. Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mana?" Ya karɓi allin ya rubuta: "Ba wanda ya shigo."

Mama ta tashi ta fita. Ni ma ban iya zama ba.

Yayanki

*

Yaya,

Alhamdu lillahi. Layin farko kawai na karanta na zauna a ƙasa. Uwar Sabulu ce ta karanta mini sauran, har ita sai da ta share ido da bayan hannu, ta kuma tafi ta wanke hannun. Ina gaishe ku duka, da mai rediyo, Allah ya saka masa da alheri.

An fara haye kogin da kwalekwale, amma likita ya hana ni, ya ce marar lafiya ɗaya ya ishi gidanmu. Ana gyaran gada, ina cikin motar farko in sha Allah.

Ka kula da ƙirjinsa. In ya nuna yana yi masa ciwo, ko zazzaɓi ya dawo, ko jan kumburin ya sauko ƙasan wuya, kar ka jira zagayen likita. Tsoron bai sake ni ba tukuna.

Abu ɗaya kuma. Ya ji saƙon nawa duka, har da inda na ce ya zage ni? Ka duba mini fuskarsa, yanzu da babu gemu ai za ta karantu. Yana fushi da ni?

Auta

*

Auta,

Gaisuwa daga mu duka, har da mai gadon. Ƙirji lafiya, likita ta ce abin ya tsaya a wuya. Sun cire robobin haɓa, ya fara haɗiyar ruwa da cokali. Fuskar kuwa sai kin gani, ashe haɓarki ce sak. Mama sai ta kalle shi ta rufe baki tana dariya.

Kaɗan-kaɗan na gane yadda aka yi, da alli da nuni. Da farko tsoron asibiti ne ya shigar da shi ɗakin, ya san in muka ga kumburin za mu matsa masa. Da abin ya ci ƙarfinsa kuma, ya nemi muryar kira ya rasa, ya zauna yana jin motsinmu muna sanɗa. Mama ta je shago ta cire labulen nan, ta yayyanka shi tsummokaran goge keke. Na gaya masa, ina jiran ya harare ni, sai ya lumshe ido kawai.

Ban duba miki fuskarsa ba. Na gaji da karanta fuska, mun ga inda ta kai mu. Wasiƙunki na ɗauko na karanta masa duka, tun daga ta farko, ban rage ba ban ƙara ba. Da na zo kan rigar, inda kika ce kina naɗe hannuwan, sai ya fara bubbuga gado. Na miƙa masa alli, ya ture. Da safe nas ta nuna masa yadda zai toshe bakin bututun da yatsa, iska ta bi ta sama ya yi magana, ya ƙi gwadawa, ina jin kunyar muryar yake ji. Sai ga shi ya ɗaga yatsa ya toshe.

Muryar a shaƙe take, sai da na kai kunne. Yana faɗa yana hutawa. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗa:

"Ka ce ta sauke hannun rigar. Ba kuskure ba ne. Safar hannu a wuyan hannu take tsayawa. Na ƙara tsawon ne kar abin nan da take kiwo ya taɓa mata fata."

Ya saki bututun ya ja numfashi, ya sake toshewa, ya ce, "Yanzu za ta sauke. Kar ta jira sai ta zo."

Maganarsa ta farko ke nan. Ki sauke, Auta.

Yayanki